Me awakin Bakarwal da ɓaunar Gujjar suke ci a tsaunukan Kashmir?

Tambaya: Na kalli wani bidiyo na makiyayan Gujjar da Bakarwal suna kora ɗaruruwan awaki da tumaki a kan tsaunukan Kashmir, ga dusar ƙanƙara ta rufe ƙwanƙolin duwatsu. Ni ma ina ɗan taɓa kiwo a gida. Mutanen da ba su noma harawa, ba su sayen dusa, me dabbobinsu suke ci duk tsawon shekara?

Amsa: Malam, ka sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi, domin abincin dabbobin makiyaya masu yawo shi ne abin da na fi daɗewa ina bibiya. Abin da bidiyo ke nunawa kusan kullum shi ne shimfiɗaɗɗiyar koriyar ciyawa a saman tsauni, kuma ita ce ke sa dabbobin ƙiba. Amma wata huɗu kacal take yi. Abin da ke riƙe ran garke har ya kai ga wannan ciyawa shi ne ganyen itatuwan daji da ake sarewa a watannin sanyi, can ƙasa a gindin duwatsu inda ba mai zuwa ɗaukar hoto.

Bari in fara raba maka mutanen, don abincin dabbobinsu ba ɗaya ba ne. Dukansu Musulmi ne, harshensu Gojri, kuma gwamnatin Indiya ta saka su cikin jerin ƙabilun da doka ta ba kulawa ta musamman a 1991. Ƙidayar 2011 ta ce Gujjar na Jammu da Kashmir sun kai kimanin 980,000, Bakarwal kuma sun ɗan haura 113,000, ko da yake su kansu suna cewa an rage su, tunda mai yawo ba ya zama a ƙirga shi. Gujjar shanu da ɓauna suke kiwo, ɓauna ta gida mai nono, ba irin ta dajinmu ba. Da yawansu sun zauna suna noman masara, waɗanda suka dogara da sayar da madara kuma, da ake kira Dodhi, sukan sayi ƙaiƙayi da tunkuza idan sanyi ya matsa, don haka zancen cewa ba sa sayen komai bai hau kansu duka ba. Bakarwal kuwa sunansu ma daga akuya ya fito, bakri. Awaki da tumaki ne dukiyarsu, da dawaki da alfadarai na ɗaukar kaya, kuma su ne suka fi kowa nisan zango. Ɓauna tana son ciko mai yawa da ruwa kusa, saboda haka mai ɓauna yakan tsaya a mashekarin da ke bakin kurmi. Akuya kuwa har inda itace ya ƙare tana hawa, ta wuce.

Daga Nuwamba zuwa Maris suna ƙasa, a tuddan Rajouri, Poonch, Reasi, Udhampur, Jammu da Kathua. Ruwan damina a can yana ɗaukewa ne wajen Satumba, ciyawar gangaren tuddai ta bushe ta zama kara, ba abin gina jiki a cikinta sai cika tumbi. Wannan shi ne raninsu, sai dai nasu da sanyi yake zuwa. Kuma a daidai wannan lokaci ne awaki da tumaki da yawa suke ɗauke da ciki ko suke shayarwa. A nan ne itace yake zama gona.

Sarkin itatuwan nan shi ne dhaman, wanda masana tsirrai ke kira Grewia optiva. Idan ka san dargaza to ka san ɗan'uwansa, zuriyarsu ɗaya, har ɓawon ma iri ɗaya ne wajen yauƙi da igiya. Abin da ya ɗaukaka dhaman shi ne yana riƙe ganyensa kore shar duk tsawon hunturu, sai wajen Maris ko Afrilu ya kaɗe. Sinadarin gina jiki a busasshen ganyensa yakan kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100, wato yana gogayya da harawa mai kyau, kuma ba shi da baurin nan da ke hana dabba cin wasu ganyaye. Ɓaunar da ake ba dhaman ba ta yanke nono a sanyi. Bayan dabba ta tsige ganyen, ba a yar da tsumagun. Ana jiƙa su a rafi na makonni, a saɓule ɓawon a tufka igiyar ɗaure dabbobi, fararen sandunan kuma a hura wuta da su. Itace guda, abinci da turke da murhu.

Yadda ake saran ma ilimi ne. Mai hankali ba ya aske itacen gaba ɗaya. Yana bin ƙananan rassan da suka fito a shekarar, ya bar manyan kafaɗu da ɗan kai a sama, kuma ba ya komawa kan itace ɗaya sau biyu a hunturu guda. Ana raba itatuwan bisa makonni, wannan na Disamba, wancan na ƙarshen Janairu lokacin da komai ya ƙare. Wanda ya ga yadda Fulanin daji ke hawa kawo da maɗobiya da barandami a tsakiyar rani ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Bayan dhaman akwai wasu da za ka gane su da ido. Magarya tana nan, ita ce dai tamu, can ber suke ce mata, kuma awaki suna rububin ganyenta. Cizaki ma yana nan birjik a busassun tuddan Jammu, garna ko granda a bakinsu, ƙayarsa ba ta hana akuya tsayawa da ƙafa biyu tana tsinka. Akwai phulai, ɗan'uwan bagaruwa mai ƙananan ganye. Akwai kahu, zaitun na daji da ba ya kaɗe ganye. Akwai khirak, ɗan'uwan zuwo, wanda shi a sanyi tsirara yake, amma yana fitar da sabon ganye a Afrilu, daidai lokacin da dhaman ya kaɗe, sai ya toshe wannan giɓi. Tut, itacen da ake kiwon tsutsar siliki da ganyensa, shi ma dabba ba ta barin ko ɗaya.

Wanda ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne itacen da ake kira ban ko banj a sassan Himalaya, Quercus leucotrichophora, mai ganye kore a sama fari fat a ƙasa. Yana da yawa a tuddai masu ɗan tsayi kuma ba ya kaɗewa, don haka idan sanyi ya tsananta shi ake komawa. Amma yana ɗauke da tanin, wato baurin nan da ke cikin bagaruwa da majema ke jima da shi. Tsohon ganye dabba tana iya ɗauka, musamman akuya, idan an haɗa mata da wani abu. Sabon toho na Maris da Afrilu kuwa, idan saniya mai yunwa ta cika ciki da shi kaɗai, yana iya lalata mata ƙoda. Sai ka ga ta daina tuƙa, kashi ya ƙi fita, daga baya ya fito baƙi da jini. Ganye ɗaya ne, a Janairu abinci, a Afrilu guba. Irin wannan sani ba a rubuce yake a wajensu ba, yaro yana ɗaukarsa ne yana bin mahaifinsa da lauje.

Akwai masifar da ta shigo wa wannan mashekari na ƙasa, kuma ina ganin ba a ba ta muhimmancin da ya kamata. Lantana ce, wani tsiro mai sarƙaƙiya da ƙananan furanni masu launi-launi, wanda aka kawo Indiya daga yankin Amurka a farkon ƙarni na 19 don ƙawata lambu. Yanzu ya mamaye dazuzzukan gindin Himalaya, ya shaƙe ciyawa da 'ya'yan itatuwa. Dabbar da ta ci shi da yawa hantarta ce ke taɓuwa, idonta ya yi rawaya kamar mai shawara, fatar da ba ta da duhu ta riƙa saɓulewa idan rana ta doke ta. A wuraren da kiwo ya yi yawa kuma sai ka tarar sanatha da bhaikar sun cika fili, kore shar a ido, amma dabba ba ta kula su. Mai wucewa a mota zai ce daji ya yi kyau. Makiyayi ya san an cinye shi.

Da Afrilu ta kama sai a ɗaure kaya. Dangi-dangi suke tafiya, kowane ayari da hanyarsa ta gado, su ƙetare jerin tsaunukan Pir Panjal. Mashigar Pir ki Gali da ke kan tsohuwar hanyar sarakunan Mughal ta kusa mita 3,500 a sama. Tafiyar takan ɗauki makonni, wani lokaci ta doshi wata biyu, kuma jinkirin da gangan ne. Ƙanƙara tana narkewa ne daga ƙasa zuwa sama, ciyawa tana bin bayanta, garke kuma yana bin bayan ciyawa. Wanda ya yi gaggawa zai isa ya tarar da farin fili.

A wannan tsakiyar hanya, cikin kurmin itatuwa masu tsini, akuya tana samun kathi, wani ɗan ƙaramin itace mai furanni ja-ja, dangin baban rini, da pohu wanda mutanen Kashmir ke saƙa kwandon kaskon jin ɗumi da tsumagunsa. Ana saro ganyen manyan itatuwan kurmi, bankhor da bren. Shi bren, Ulmus wallichiana, daɗin ganyensa ne ya jawo masa. Ana saransa shekara bayan shekara har ba ya samun yin fure balle ya zubar da iri, kuma yanzu yana cikin jerin itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu. Ba zan ɓoye wannan ba don ina ƙaunar makiyaya. Haka ma burj, itace mai farin ɓawo kamar takarda da ke tsaye a iyakar kurmi ta sama, inda awaki suke cinye 'ya'yansa tun suna tsiro.

A hanyar nan ce kuma aka fi asarar dabbobi ta hanyar guba, saboda suna isowa da yunwa, abin da ya fara kore kuma ba lallai ne ya zama alheri ba. Akwai dangin itacen rododendaron masu kyawawan furanni, da wani ɗan'uwansu Lyonia. Akuyar da ta ci sabon ganyensu za ka ga yawu yana dalala, tana tangaɗi, tana amai. Ka san dabba mai tuƙa ba ta cika amai ba, don haka da makiyayi ya ga haka ya san abin da ta ci. Akwai kuma wani tsiro marar fure mai ganye kamar gashin fiffike, Pteridium, da ke cika wuraren da aka sare kurmi. Shi ba ya kisa nan take. Saniya tana cinsa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, sai wata rana a ga tana fitsarin jini, ƙari ya fito mata a mafitsara. Cuta ce sananniya a shanun tuddan Himalaya.

Sai Yuni. A nan ne ake isa dhok, wato mashekarin watannin zafi na saman tsauni, wanda Kashmirawa ke kira marg ko bahak. Daga kalmar marg sunayen wuraren nan na Kashmir, Gulmarg da Sonamarg, suka fito. Wasu Bakarwal suna wucewa har Gurez, Warwan, da bayan mashigar Zojila wajen Dras, tsakanin mita 3,000 zuwa 4,000 ko fiye. Gujjar suna da bukkokin gungume da laka masu shimfiɗaɗɗen rufi da suke komawa kowace shekara, Bakarwal kuma tanti.

Ciyawar can gajera ce, wani wuri ba ta wuce tafin hannu, amma kada gajartarta ta ruɗe ka. Tsiron da ke da wata uku ko huɗu ya yi ganye, ya yi fure, ya zuba iri, ba shi da lokacin yin kara, kusan duk jikinsa abinci ne. Akwai ciyayi masu laushi na zuriyar Poa da Festuca da Dactylis, can sama kuma inda iska ke kaɗawa akwai Kobresia da Carex masu kama da jiji, waɗanda tumaki ke gurgura har ƙasa. A tsakaninsu akwai kulba fara da ja, mai ganye uku-uku, wadda take dangin wake da gyaɗa ce, tana tara taki a saiwarta tana gyara ƙasa. Akwai hand mai rawayan fure da ɗacin ganye, wanda mata ma suke tsinka su dafa, da gul mai dogon ganye. Ba tsiro ɗaya ke yin aikin ba. Dabba tana cin iri ashirin ko talatin a wuni, mai ɗaci da mai zaƙi da mai ƙamshi, kuma a ganina wannan gaurayen ne sirrin man shanunsu da cukun nan nasu da ake kira kalari.

Abu biyu ne makiyayi ke lura da su a wannan ni'ima. Na farko kumburin ciki. Kulba mai raɓa, idan dabba ta afka mata da sassafe da yunwa, tana yin kumfa a tumbi, iska ta kasa fita, gefen hagu ya tashi kamar ganga, cikin awa kaɗan dabba ta faɗi. Maganin gaggawa shi ne a ɗura mata mai ya fasa kumfar, rigakafi kuma shi ne a bari rana ta busar da raɓa kafin a saki garke. Na biyu gishiri. Ɗanyar ciyawar tsauni ba ta da gishiri isasshe, shi ya sa buhunan gishiri suna cikin kayan da alfadarai ke haurawa da su, a zuba a kan faffaɗan dutse dabbobi su lasa. Dalilin da ke kai makiyayanmu Ingal ta Nijar a ƙarshen damina, da wanda ke sa ka ajiye wa tumakinka kanwa, shi ne dai wannan.

Mafi haɗarin tsiron can sama shi ne mohri, mai shuɗin fure kamar hular sanyi, dangin Aconitum. Dafinsa zuciya yake kamawa, ya fi yawa a saiwa. Dabbar da ta tashi a wurin tana kauce masa, baƙuwa ko ƙarama ce ke faɗawa. Yana da ɗan'uwa mai suna patis wanda ba shi da wannan dafi, ana haƙar saiwarsa don magani, har haƙar ta sa ya yi ƙaranci.

Idan kana son ka karanta lafiyar dhok, dubi kewayen makwancin garke. Inda kashi ya taru shekara da shekaru sai abuj, wani mai faffaɗan ganye mai tsami, ya cika wurin tare da tsiro mai ƙaiƙayi da suke kira soi. Wannan ba komai ba ne idan ya tsaya a makwanci. Amma idan ka ga Sibbaldia mai rarrafe ta shimfiɗe fili, ko wani dangin tinya mai farin ruwa da Senecio mai rawayan fure suna tsaye ƙyam ba wanda ya taɓa su, to an cinye masu daɗin tun kafin su zuba iri, marasa amfanin ne suka gaji wurin.

Ka tambayi harawa. Suna da irin tasu, ta daji. Gujjar mazauna suna yanke ciyawar gangaren tuddai da lauje a Satumba da Oktoba su tara ta tsibi-tsibi. A kwarin Kashmir ana saro ganyen vir, itacen bakin ruwa da ake sassaƙa sandar wasan kurket da shi, a ɗaure dami-dami a cusa a tsakanin rassan itace ya bushe, kamar yadda muke ɗora harawa a kan bishiya. A busassun duwatsun Dras kuma akwai prangos, dangin karas mai ganye siri-siri da ƙamshi mai ƙarfi, wanda mazauna wurin ke yankewa su busar don dogon hunturunsu. Wani likitan dabbobi Bature, William Moorcroft, ya gan shi a farkon shekarun 1820, ya yaba shi ƙwarai har ya aika da irinsa Ingila. Sunan da masana suka ba shi, pabularia, ma'anarsa na abincin dabba.

Abin da ke ɓata wannan tsari ba yawan dabbobi kaɗai ba ne, kuma a nan nake saɓa wa masu ɗora wa makiyayi laifin komai. Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta yanke wasu hanyoyi, rikicin da ya ɓarke daga 1989 ya rufe makiyaya da yawa kusa da layin da ya raba Kashmir. Tosa Maidan, ɗaya daga cikin manyan filayen kiwo, an ba soja hayarsa don gwajin harbin manyan bindigogi daga 1964 har 2014, kuma harsasan da ba su fashe ba sun kashe makiyaya. A ƙasa kuma hukumar gandun daji tana killace wurare, gonaki da gine-gine suna cinye burtali. Garken da aka rufe wa ƙofa uku dole ya taru a ta huɗu, itacen da a da ake hutar da shi sai a sare shi kowace shekara. Dokar haƙƙin mazauna daji ta Indiya ta 2006 ta amince da haƙƙin kiwo na makiyaya masu yawo, amma ba ta fara aiki a Jammu da Kashmir ba sai bayan 2019. 'Yan'uwansu Van Gujjar na jihar Uttarakhand ta Indiya, masu ciyar da ɓauna da ganyen bakli da sain, dangin marke da baushe, an kwashe da yawansu daga gandun Rajaji an zaunar da su a Pathri da Gaindikhata, nesa da itatuwan da suka sani ɗaya bayan ɗaya.

A 'yan shekarun nan gwamnati tana ba da manyan motoci a kwashe garke a kan babbar hanya. Hakan ya rage dabbobin da motoci ke takewa, kuma ba wanda zai raina wa tsohuwa da jariri sauƙin tafiya. Damuwata ita ce makonnin tsakiyar hanya su ma abinci ne, kuma su ne ke sa tumbi ya saba da ɗanyen ganye a hankali.

A ƙarshen Satumba ƙanƙara takan fara sauka a dhok, garke ya juyo da ƙiba da sabon gashi. Da sun iso tuddan Rajouri, abin da mai garke zai fara dubawa shi ne dhaman, wanda yawancinsa a gefen gonaki yake, kowanne da mai shi. A da, yakan kwanar da tumakinsa a gonar manomi 'yan darare, taki ya biya ganye. Yanzu manomi yana da takin zamani a buhu, don haka itace-itace ake ƙirgawa a yi ciniki da kuɗi kafin a ɗora lauje.